Furen Fiyoni: Abin Da Ke Sa Ganyensa Yin Rawaya Da Hanyoyin Magance Matsalar

A kowace shekara, daga watan Mayu zuwa ƙarshen watan Yuni, kasuwannin gwanjon furanni na ƙasar Holan kan cika maƙil da wani fure mai suna fiyoni, wanda masu shirya bukukuwan aure da manyan otal-otal na Turai da Amurka ke rububin saye. Fure ne mai tsada, kakarsa kuma gajera ce, domin kowane tushe ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu yana huda. Sai dai masu nomansa sun fi sa ido a kan ganyen fiye da furen, saboda ganyen da ya yi rawaya kafin lokacinsa alama ce ta cewa jarin da aka zuba shekara da shekaru ya fara shiga haɗari.

Matsayin furen a kasuwar duniya

Fiyoni tsiro ne na ƙasashe masu sanyi, kuma yana da dangi kimanin 30 a nahiyoyin Asiya da Turai da yammacin Amurka ta Arewa. Iri biyu ne suka fi muhimmanci a harkar ciniki. Akwai mai taushin kara wanda samansa ke bushewa duk shekara ya sake tohowa daga saiwa, shi ne ake yanka a kai kasuwa. Akwai kuma mai itace, wanda rassansa ke tsayawa ko da ganyen ya kaɗe. A shekarar 1948 wani Bajafane mai suna Toichi Itoh ya yi nasarar auratar da waɗannan iri biyu, aka sami iri na uku da ake kira da sunansa har yau.

Ƙasar Sin ita ce mahaifar wannan noma. Tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga shekarar 618 zuwa 907, ake ɗaukar furen a matsayin alamar arziki da daraja. Birnin Luoyang na lardin Henan yana gudanar da bikin fiyoni a watan Afirilu na kowace shekara tun daga 1983, birnin Heze na lardin Shandong kuwa ya yi fice wajen sayar da dashe zuwa ƙasashen waje. A yankin Bozhou na lardin Anhui ana noma shi ne domin saiwarsa, wadda ake haɗa magungunan gargajiya da ita. Bugu da ƙari, a shekarar 2011 hukumomin lafiya na ƙasar suka amince da man da ake tatsa daga ƙwayar fiyoni mai itace a matsayin abinci, abin da ya buɗe wata sabuwar kafa ta ciniki.

A ɓangaren furen da ake yanka, Holan ce ke kan gaba, kuma mafi yawan hajar kan bi ta hannun ƙungiyar manoma ta Royal FloraHolland, mai babbar kasuwar gwanjo a garin Aalsmeer kusa da Amstadam. Irin da aka fi ciniki shi ne Sarah Bernhardt, wanda gidan Lemoine na Faransa ya fitar a shekarar 1906. Da yake furen yana bin yanayi, sauran ƙasashe kan cike gurbin watannin da Holan ba ta da kaya. Isra'ila da kudancin Faransa da Italiya kan riga ta shiga kasuwa. Jihar Alaska ta Amurka, inda Jami'ar Alaska da ke Fairbanks ta fara gwajin noman a shekarar 2001 ƙarƙashin jagorancin Patricia Holloway, takan kawo nata daga Yuli zuwa Satumba. Niyu Zilan da Chile kuwa sukan fito da nasu a watannin Nuwamba da Disamba.

Tsiron ba ya huda sai saiwarsa ta sha sanyi mai kusan daskarar da ruwa na tsawon makonni da dama. Saboda haka ba a nomansa a Nijeriya, domin ko tsaunukan Jos da na Mambila ba su da irin wannan sanyi mai ɗorewa. Duk fiyonin da aka gani a shagon fure a Legas ko Abuja, ta jirgin sama aka shigo da shi, da kuɗin musaya na ƙasashen waje.

Ganye ne ma'aikata, saiwa ce banki

Kafin a gane girman hasarar, ya kamata a fahimci yadda tsiron ke rayuwa. Fiyoni yana da saiwoyi masu kauri kamar na rogo, inda yake tara abinci. Bayan an yanke fure a watan Mayu ko Yuni, ganyen da ya rage shi ne ke ci gaba da haɗa abinci daga hasken rana yana turawa ƙasa. Da wannan ajiya ne saiwa ke fitar da idanun da za su zama karan baɗi. Ganyen da ya yi rawaya ya rasa koren sinadarin da ke kama hasken rana, wato ya daina aiki. Idan hakan ta faru a watan Yuni ko Yuli, tsiron ya yi hasarar watanni biyu ko uku na tara abinci.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne wannan hasara ba ta fitowa a lissafin shekarar da ta auku. Manomi ya riga ya sayar da furen bana, kuɗi sun shigo, sai baɗi giɓin zai bayyana. Ga shi kuma noma ne mai cin lokaci: ba a fara yanka sosai sai a shekara ta uku bayan dashe, ba a kai ga cikakkiyar yabanya sai wajen shekara ta biyar, amma gonar da aka kula da ita takan yi shekaru 20 ko fiye tana bayarwa.

A ɗauka, a bisa misali kawai, manomi yana da tushe 10,000, kowane yana ba shi kara 10 a shekara, jimla 100,000 ke nan. Idan raunin saiwa ya sa yawan ya koma kara 7 a kowane tushe, ya rasa 30,000. Kuɗin hayar gona da na ƙwadago da na ɗakin sanyi da ruwan bashin banki duk suna nan yadda suke, don haka abin da ya kashe a kan kowane kara ya ƙaru da kusan kashi 43 cikin 100. Wanda kuma ya rasa tushen baki ɗaya, sai ya sake jiran shekaru uku kafin ya ga ko kwabo daga wannan gurbi.

Rawayar da ba cuta ba ce

Ba kowace rawaya ce abin tsoro ba. Daga watan Satumba zuwa Oktoba a ƙasashen arewacin duniya, tsiron kan janye abincin da ke cikin ganye ya mayar da shi saiwa, sai ganyen ya yi rawaya ko ja, ya bushe. Wannan shirin shiga hunturu ne, kuma ba ya buƙatar magani. Kuskuren da sababbin manoma kan yi shi ne yanke ganyen tun yana kore domin gona ta yi kyan gani, ko kuma kwashe dukkan karan a kai kasuwa lokacin da farashi ya hau. Ƙwararru kan bar wani kaso mai yawa na ganyen a kan kowane tushe, ko da kuwa kasuwa tana kira. Haka nan sabon dashe yakan ɗan yi rawaya a shekarar farko kafin saiwarsa ta kama ƙasa.

Tambaya ta farko ke nan da mai gona zai yi wa kansa: a wane wata aka ga rawayar? Ta biyu kuwa: daga wane ganye ta fara, tsoho na ƙasa ko sabo na sama? Amsar waɗannan tambayoyi biyu takan rage rabin wahalar bincike.

Yawan ruwa da ƙarancinsa

Babban dalilin da ya fi jawo wannan matsala shi ne kwanciyar ruwa. Saiwa tana numfashi, kuma idan ruwa ya cika ƙofofin ƙasa na kwanaki, iska ba ta isa gare ta, sai ƙananan jijiyoyin da ke tsotsar abinci su mutu. Ganyen ƙasa kan fara yin rawaya, tsiron ya yi yaushi alhali ƙasar tana jiƙe. Manomin da bai sani ba sai ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa abin da ya rage. Idan aka tona gefen tushen za a tarar da saiwa ta yi laushi, ta yi baƙi, tana wari.

Maganin shi ne a tsayar da ban ruwa nan take, a buɗe magudanai. Idan ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, sai a jira kaka a tone tushen, a yanke ruɓaɓɓen ɓangare da wuƙa mai tsabta, a sake dasawa a kan kunya mai tudu. Wannan ne ya sa manyan gonaki ke kashe kuɗi wajen shimfiɗa bututun janye ruwa a ƙarƙashin ƙasa tun kafin su sayi dashe. Wajen dasawa, kada idon saiwa ya wuce zurfin santimita 3 zuwa 5, a kuma bar tazarar kusan mita ɗaya tsakanin tushe da tushe a lambu domin iska ta ratsa.

Ƙarancin ruwa shi ma yana da tasa alamar. Bakin ganye kan ƙone ya yi ruwan ƙasa, ganyen ya naɗe, musamman a lokacin tsananin zafi. Tsiron yana buƙatar ruwa kimanin santimita biyu da rabi a mako a lokacin girma, kuma an fi so a ba shi ta bututu mai ɗiga a gindi, domin ruwan da ake fesawa ta sama yana jiƙa ganye ya buɗe wa cuta ƙofa.

Yunwar sinadarai

Idan magudanar ruwa lafiya take, sai a duba abinci. Kowane sinadari yana da irin tasa rawaya. Ƙarancin naitrojin kan fara daga tsofaffin ganyaye na ƙasa, duk ganyen ya koɗe bai ɗaya, domin tsiron yana kwashe abin da ke cikinsu ya kai wa sababbi. Ƙarancin maginiziyam shi ma daga tsofaffi yake farawa, amma jijiyoyin ganyen kan kasance kore, tsakaninsu ne ke yin rawaya. Ƙarancin fotash kan ƙona gefen tsohon ganye. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuwa a sababbin ganyaye na sama yake bayyana, da koren jijiya da rawayar tsakani, saboda tsiron ba ya iya ɗauko ƙarfe daga tsohon ganye.

Matsalar ƙarfe tana da wani sirri. Sau da yawa sinadarin yana nan jibge a cikin ƙasa, amma alli ko kanwa da suka yi yawa sun ɗaure shi, saiwa ba ta iya tsotsa. Fiyoni ya fi son ƙasar da ma'aunin tsaminta, wanda ake kira pH, yake tsakanin 6.5 da 7. Da zarar ya haura 7.5, kamar yadda ake samu a sassan arewacin Sin da yammacin Amurka, sai rawayar ta kunno kai. A irin wannan hali, zuba takin zamani na yau da kullum ɓarnar kuɗi ce. Abin da ke aiki shi ne haɗin ƙarfe nau'in EDDHA, wanda alli ba ya iya ɗaurewa, sa'an nan a riƙa zuba garin farar wuta da ruɓaɓɓen taki domin a sauko da ma'aunin sannu a hankali. Gyaran yakan ɗauki watanni. Ga ƙarancin maginiziyam, gishirinsa da ake narkawa a ruwa ya wadatar.

Yawan taki ma illa ne. Naitrojin da ya wuce kima yakan sa ganye ya yi yabanya mai taushi, fure ya ragu, cuta ta sami wurin zama, gishirin takin kuma ya ƙona jijiya. Ƙa'idar ita ce a ba da kaɗan lokacin da toho ya fito, a ƙara kaɗan bayan yanka, kuma kada taki, na zamani ko na dabbobi, ya taɓa kan saiwar. Gwajin ƙasa da na ganye a ɗakin bincike bai kai kuɗin buhunan takin da za a zuba bisa zato ba.

Cututtukan fumfuna

Cutar da ta fi addabar masu wannan noma ita ce wadda masana ke kira Botrytis. Tana bunƙasa a yanayi mai sanyi da laima. Sabon toho kan ruɓe daga gindi ya faɗi, kan furen da bai buɗe ba ya yi baƙi ya bushe, ganye ya yi tabo mai ruwan ƙasa da rawaya a kewaye, a kuma ga wata fumfuna mai ruwan toka a kansa. Illarta ba ta tsaya a gona ba. Da yake ana yanke furen ne tun yana dunƙule a ajiye shi a ɗakin sanyi mai digiri 0 zuwa 1 na makonni, cutar kan ci gaba da yaɗuwa a cikin kwali, har mai saye ya buɗe kaya ya tarar sun lalace.

Akwai kuma Phytophthora, mai bin ruwa a cikin ƙasa. Ita ba ta fitar da fumfunar toka, amma takan sa kara ya yi baƙi kamar fata, ta gangara ta ruɓar da saiwa, kuma tushen da ta kama ba kasafai yake tashi ba. Wata cutar takan sa tabo ja mai duhu a saman ganye, wata kuma takan rufe shi da farin gari a ƙarshen lokacin zafi. Waɗannan biyu ba sa kashe tsiro, sai dai idan suna dawowa duk shekara sukan raunana shi. Ta ƙarshe ita ce Verticillium, wadda ke toshe hanyoyin ruwa a cikin kara, tsiron ya yi rawaya ya yi yaushi daidai lokacin huda. Ba ta da magani, sai a tumɓuke.

A nan ne maganar Hausawa ta cewa rigakafi ya fi magani ta fi dacewa. Idan ganye ya bushe a kaka, a yanke karan daidai da ƙasa, a kwashe, a ƙone ko a binne nesa da gona, domin a cikin wannan shara cutar ke yin hunturu. Ana feshin rigakafi tun toho yana fitowa, ana kuma sauya nau'in maganin saboda Botrytis tana saurin sabawa da shi. Masu sayarwa a Turai sai sun lura da doka: Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da chlorothalonil a shekarar 2019, ta kuma janye na mancozeb a ƙarshen 2020, alhali a da su ne magungunan da aka fi dogara da su. Wannan ya ƙara wa tsabtar gona da tazarar dashe muhimmanci.

Tsutsar ƙasa da ƙwayar bairos

Wani lokaci ruwa daidai, taki daidai, amma tsiron ya tsumbure, ganyen ya ƙanƙance ya koɗe. Sai a duba saiwa. Idan ƙananan jijiyoyi sun yi ƙulli-ƙulli, aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, mai suna Meloidogyne hapla. Tsohuwar shawarar malaman gona a Amurka ita ce a tsoma saiwar, lokacin da take barci, a ruwa mai zafin digiri 49 na tsawon minti 30 kafin a dasa ta a sabon wuri. Aiki ne mai buƙatar ma'auni, domin zafin da ya wuce haka zai dafa idon.

Idan kuwa rawayar ta fito da zane, kamar zobe-zobe ko layuka masu lanƙwasa a kan koren ganye, to ana zargin ƙwayar bairos da ake kira TRV, wadda ke kama taba da dankalin turawa da furen tulif. Wata tsutsar ƙasa ce ke ɗaukar ta daga saiwa zuwa saiwa, kuma duk dashen da aka raba daga tushe mai ɗauke da ita ya gaji cutar. Alamar takan ɓace a wata shekara ta dawo a wata, amma ƙwayar tana nan. Babu feshin da ke kashe ta. Mai lambun gida yana iya barin tsiron, tun da yakan ci gaba da huda, amma mai sayar da dashe dole ya cire shi. A Holan hukumar Naktuinbouw ce ke duba lafiyar dashen da ake sayarwa.

Akwai wani dalili da ake yawan mantawa, wato maganin kashe ciyawa. Iska kan ɗauko feshi daga gonar maƙwabci, ko kuma a kawo takin dabbobin da suka ci ciyawar da aka fesa, sai sabon ganye ya fito a murɗe, da rawaya. Tururuwar da ake gani a kan furen kuwa ba ta da laifi, zaƙin da ke tsattsafowa take sha, don haka kashe kuɗi a kanta ba shi da amfani.

Abin da mai jari zai kiyaye

Tsarin binciken da ƙwararru ke bi yana farawa daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa mai ci. A duba wata, a duba ganyen da ya fara, a tona ƙasa a ga laima da lafiyar saiwa, a nemi tabo ko fumfuna ko zane, sa'an nan a aika samfur ɗakin bincike. Sai bayan haka ake sayen magani. Ganyen da ya riga ya yi rawaya sarai ba kasafai yake komawa kore ba, saboda haka ana auna nasarar magani ne da sabon toho da kuma yawan karan shekara mai zuwa.

Ga bankin da zai ba da rance ko kamfanin da zai ƙulla yarjejeniyar sayen amfanin gona tun kafin ya nuna, lokacin da ya fi dacewa a ziyarci gonar fiyoni shi ne watan Yuli ko Agusta, bayan an gama yanka, domin launin ganye a wannan lokaci shi ke nuna abin da gonar za ta bayar baɗi. Ga ɗan kasuwar Nijeriya mai shigo da furen kuwa, ya kamata ya nemi takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da kayan suka fito, ya cika sharuɗɗan hukumar killace kayan gona ta ƙasa, wato NAQS, ya kuma buɗe kwali ya duba ganye tun a filin jirgin sama. Ganye mai rawaya ko tabon toka yana nuna cewa kayan sun daɗe a ajiya ko sanyi ya katse musu a hanya, kuma irin wannan fure ba zai buɗe yadda mai biki yake so ba. Sanya sharaɗin mayar da kuɗi a kan irin wannan aibi a cikin takardar ciniki, tun kafin a biya, shi ne kariyar da ta fi araha.